Abin da Sabon Malamin Faransanci ko Larabci Zai Karanta a Shekararsa ta Farko

Sabon malamin harshe yakan shiga aji da abu guda a hannu: ya san harshen. Ya iya jujjuya fi'ilin Faransanci, ko ya iya li'irabin jimla tun daga mubtada'i har habari. Abin da kwaleji ba ta cika ba shi isasshe ba shi ne yadda zai sa yaro ɗan shekara 12, wanda da Hausa ya tashi, Turanci ma bai gama zauna masa ba, ya buɗe baki ya faɗi jimla a harshe na uku, cikin minti 40, a ajin da ɗalibai suka haura 60. Wannan fanni ne mai zaman kansa. An yi rubutu mai yawa a kansa, kuma da yawa daga cikin mafi amfani kyauta ake samunsu.

Abin karantawa ba ya ƙaranci. Cikin dare ɗaya abokan aiki za su iya turo maka littattafai 30 ta WhatsApp, su cika maka waya, shekara ta zagayo ba ka buɗe ko ɗaya ba. Abin da ke raba malamin da karatu ya amfana da wanda ya tara takardu kawai shi ne jeri: me ya fara karantawa, me ya jinkirta, me kuma ya yi da shi washegari a gaban allo. Jagorar nan ta bi shekarar karatu ɗaya, zango uku, don malamin ƙaramar sakandare ko babba a Katsina, Daura da kewaye. Duk inda aka ce “ka”, malama ma da ita ake.

Mataki na 1: takardun da ke makarantarka

Makonni biyun farko kada ka buɗe littafin dabarun koyarwa ko ɗaya. Je wurin shugaban sashe ko mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu, ka karɓi manhajar darasinka ta NERDC, wato hukumar tsara manhajar makarantu ta ƙasa, da tsarin aikin zango da makarantar ke bi, da littafin da ɗalibai ke riƙe da shi, da littafin malami in akwai, da tambayoyin jarrabawar shekarun baya. Duba shekarar da aka buga manhajar, domin ana sabunta ta, kuma kwafin da ke cikin durowa sau da yawa tsoho ne. Idan makarantar Larabci ce da ke rubuta jarrabawar NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci, manhajar wannan hukuma za ka nema.

Littafin ɗalibi shi ne na farko da za ka karanta daga bango zuwa bango, da fensir a hannu. A kowane babi ƙirga sababbin kalmomi ka rubuta adadin a saman shafi. Ja layi a ƙarƙashin duk ƙa'idar nahawun da aka yi amfani da ita kafin a koyar da ita. Sa alama a duk inda aka kawo abin da yaro bai taɓa gani ba, kamar jirgin ƙarƙashin ƙasa ko dusar ƙanƙara, domin can ne za ka musanya da tashar mota, kasuwar Jibiya ko sanyin hunturu.

Sai ka yi lissafin da malamai ƙalilan ke yi. A ce jadawali ya ba ka darasi 2 a mako, kowanne minti 40. Idan aka cire makon dawowa, makon bita da na jarrabawa, makonnin koyarwa na gaskiya ba su cika wuce 10 a zango ba. Minti 80 sau 10 sau 3 ya ba ka awa 40 a shekara. Cibiyoyin koyar da Faransanci sukan ƙiyasta awa 60 zuwa 100 kafin mai koyo ya kammala matakin farko, wato A1, a ma'aunin da Majalisar Turai ta fitar a 2001 mai matakai shida daga A1 zuwa C2. Nemi bayanin A1 da A2 kaɗai ka karanta. Shafuka ne 'yan kaɗan. Za ka ga cewa a A1 abin da ake nema shi ne mutum ya gabatar da kansa, ya tambaya ya kuma amsa a kan inda yake zaune, mutanen da ya sani da abin da ya mallaka. Wannan lissafi zai hana ka fushi da yaran da ba su rubuta insha'i ba a ƙarshen aji ɗaya, zai kuma hana ka ɓatar da minti 15 wajen kwafar rubutu daga allo.

In kana da ajin da zai rubuta WAEC, hukumar tana wallafa rahoton manyan masu duba takardu a shafinta na intanet, darasi-darasi, tambaya-tambaya. Karanta na shekara 3 a jere. Kurakuran da suka maimaita kansu a dukkan ukun su ne za ka fara da su.

Mataki na 2: littafin rubutu guda, mai kauri

Saya littafin rubutu mai kwali, ka raba kowane shafi gida uku: abin da ya faru a aji, abin da na karanta a kansa, abin da na gwada da yadda ya kaya. Cike gidan farko cikin minti 5 da fitowa daga aji, kafin hirar ofishin malamai ta shafe shi.

Yadda ake rubuta matsalar shi ne rabin aikin. “Yara ba sa ganewa” ba za ta kai ka ko'ina ba, domin babu babin littafin da ke amsa ta. Rubuta abin da idonka ya gani: “Na tambayi *Comment tu t'appelles?*, layin gaba kaɗai suka ɗaga hannu, su shida, 'yan baya suna kwafar allo.” Ko: “Sun haddace jadawalin fi'ili madi, amma da na ce su faɗi abin da suka yi jiya, ajin ya yi tsit.” Irin wannan tana nuna maka babin da za ka buɗe.

Minti 30 a rana, kwana 4 a mako, ya isa. Bayan sallar Asuba ko tsakanin La'asar da Magariba sun fi dare, domin da dare ga gajiya, ga rashin wuta, ga takardun da ba a duba ba. Idan a waya kake karatu, kashe data kafin ka fara. Babin da ka ga za ka riƙa komawa gare shi, kai shi shagon buga takardu a buga maka shi kaɗai, ba dukan littafin ba, don ka samu inda za ka yi rubutu a gefe.

Mataki na 3: littafin dabaru guda ɗaya tak

Zangon farko littafi ɗaya za ka riƙe. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma marubutan nan sukan saɓa wa juna a ƙananan abubuwa ta yadda sabon malami zai rikice.

Malamin Faransanci ya nemi *La classe de langue* na Christine Tagliante. Aikin aji ne kai tsaye, kuma Faransancinsa ba mai wuya ba ne. Babban littafin Jean-Pierre Cuq da Isabelle Gruca a kan koyar da Faransanci ga baƙi ya fi zurfi, amma a bar shi sai dogon hutu. Akwai kuma ƙananan littattafan shirin IFADEM, wanda ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta kafa don horar da malamai. Ana ɗauko su kyauta a intanet, kuma waɗanda aka rubuta don malaman Nijar sun fi kusa da halin da kake ciki, tunda yaran Maraɗi da Damagaram da harshe ɗaya suke zuwa makaranta da naka.

Malamin Larabci ya nemi *Ida'at* na Abdurrahman Al-Fauzan, wanda aka rubuta don masu koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne. Shi ne ɗaya daga cikin marubutan *Al-Arabiyya Baina Yadaik*, kuma littafin malami na wannan jeri yana nuna yadda ake tafiyar da darasi daki-daki. Littafin Rushdi Ahmad Tu'aima da ISESCO, hukumar ilimi ta ƙasashen Musulmi, ta buga a 1989 yana da amfani wajen fahimtar manhaja da hanyoyi, sai dai shi ma na daga baya ne.

Wanda Turancinsa ya fi ƙarfi, kada ya ƙi *Learning Teaching* na Jim Scrivener ko *A Course in Language Teaching* na Penny Ur don kawai misalansu na Turanci ne. Yadda ake ba da umarni, yadda ake gabatar da kalma, yadda ake tsara aikin sauraro, duk ɗaya ne a kowane harshe. Kafin ka kashe kuɗi, leƙa ɗakin karatu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko na Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Katsina, ko na Kwalejin Yusuf Bala Usman in kana Daura, ka kuma tambayi tsohon malaminka na sashe. Tsohon bugu ba laifi ba ne.

Yadda za ka karanta shi ya bambanta da abin da muka saba. A karatun zaure ana ɗaukar littafi daga basmala, ana biyawa har a sauke, kuma wannan ita ce hanyar da ta dace da nahawu da fiƙihu. Littafin dabarun koyarwa ba haka ake yi masa ba. Buɗe jerin abubuwan da ke ciki, ɗauko matsalar da ka rubuta a wannan mako, nemi babin da ya dace da ita, karanta shafi 8 zuwa 10, ka tsaya. Zaɓi dabara ɗaya, ka rubuta ta cikin shirin darasin gobe da lokacinta: minti nawa, me za ka ce, me yara za su yi. Ka gwada ta sau 3 aƙalla kafin ka yanke mata hukunci. Karon farko kusan kullum hayaniya ce, domin yaran suna koyon yadda ake yin aikin ne, ba su kai ga harshen ba tukuna. Malamai da yawa a nan suke jefar da dabara mai kyau, su ce ba ta dace da yaranmu ba.

Babobin da ya kamata su zo da wuri su ne na tafiyar da aji, ba da umarni da gabatar da sababbin kalmomi. Tarihin hanyoyin koyarwa, irin wanda Jack Richards da Theodore Rodgers suka tattara a littafinsu na 1986, yana da daɗin karantawa, amma ba zai gyara maka darasin Litinin ba.

Mataki na 4: karanta Hausa

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne wanda babu marubucin Paris ko Riyad da zai yi maka. Yawancin kurakuran ɗalibanka ba na ganganci ba ne: Hausa ce ke aiki a ƙarƙashi. Jin Hausa daban, sanin tsarinta daban. Nemi *Tsarin Sauti da Nahawun Hausa* na Mu'azu Sani Zariya, ko littafin nahawu na M.K.M. Galadanci na 1976. Babban nahawun Paul Newman na 2000 na dubawa ne idan abu ya shige maka duhu. Karanta babin sautuka, babin jinsi da babin lokuta, kana kwatanta kowanne da harshen da kake koyarwa, kana cike shafi mai gida biyu: inda Hausa ke taimako, inda take jawo kuskure.

Fara da sauti. Hausa ba ta bambanta *p* da *f* a matsayin sautuka biyu, ba ta kuma da *v*. A Katsinanci ma *f* ɗin kan koma *h* ko *hw*, kamar a “tahi” da “hwara”. Saboda haka yaro zai haɗa *pont* da *fond*, ya haɗa *vous* da *bout*, kuma maimaita masa sau 20 ba zai yi amfani ba muddin kunnensa bai ji bambancin ba. Sauraro ke gaba da furuci. Rubuta 1 da 2 a allo, ka faɗi kalma ɗaya daga cikin biyun, su nuna da yatsa wadda suka ji. Bayan nan ka nuna musu baki: a *f* da *v* haƙoran sama suna taɓa leɓen ƙasa, a *p* da *b* leɓɓa biyu ne ke haɗuwa. Wasalin *u* na *tu* babu shi a Hausa, don haka yakan koma *tout*. A sa su furta “i”, su riƙe harshe a wurin, su tattaro leɓɓa. Hausa kuma ba ta son baƙaƙe biyu a jere a farkon gaɓa, shi ya sa ake cusa wasali a tsakani, *classe* ta koma “kilas”.

A Larabci Hausa tana ba ka jari mai yawa: dogon wasali da gajere, da shadda, duk yaro ya san su a bakinsa. Wahalar tana wurin ث da ذ da ظ da ض da ع da ح. Kalmomin da Hausa ta ara tun da daɗewa suna nuna maka inda harshen yaro zai zame: ض ta zama “l” a alƙali, alwala da larura. Kalmomin aron nan suna da haɗari ta wata fuskar kuma, domin yaro na ganin ya riga ya san su, sai ya furta su da Hausa a tsakiyar jimlar Larabci. Jera guda 20 daga cikinsu ka yi darasi a kansu musamman.

Jinsi ya fi ban sha'awa. Bahaushe ya riga ya san cewa suna yana da namiji da mace, don haka ba ya shan wahalar da mai jin Turanci kaɗai ke sha wajen karɓar *le* da *la*. Inda yake faɗuwa shi ne ɗora jinsin Hausa a kan kalmar baƙon harshe. Rana mace ce, *soleil* namiji. Wata namiji ne, *lune* mace. Kasuwa mace, *marché* namiji. Gida namiji, *maison* mace. A Larabci rana da wata sun dace da Hausa, amma ƙofa mace ce, *bab* namiji. Hannu da ido maza ne, *yad* da *ain* mata. Bi kalmomin littafin ɗalibi ka ware waɗanda jinsinsu ya saɓa wa na Hausa, su ne za ka fi ba lokaci, kuma kada ka taɓa rubuta suna a allo ba tare da *un* ko *une*, ko *haza* ko *hazihi* a gabansa ba.

Ga wanda ke wahalar da malaman Faransanci shekara da shekaru. A Hausa muna cewa littafinsa, littafinta: ƙarshen kalmar yana bin mai abin. A Faransanci *son* da *sa* suna bin abin da aka mallaka. Yaro zai rubuta *sa livre* domin littafin na Binta ne, kuma a tunaninsa ya yi daidai. Jan biro ba ya maganin wannan. Bayani na minti biyu da Hausa, da misalai huɗu a allo (littafin Musa, littafin Binta, jakar Musa, jakar Binta) ya fi mako guda na gyara. Malamin Larabci ya huta a nan, domin *kitabuhu* da *kitabuha* tafiyarsu ɗaya da Hausa, haka ma *anta* da *anti* da kai da ke. Nasa aikin yana wurin musanna, wato siffar kalma idan abu biyu ake nufi, da jam'in abin da ba mai hankali ba, wanda Larabci ke ɗauka tamkar mace guda.

Hausa tana taimakawa har a inda ake ganin ya fi wuya. “Ina karatu sai ya shigo” ita ce *je lisais quand il est entré*. Yaron da aka nuna masa wannan ya kama bambancin lokutan nan biyu da suka shuɗe fiye da wanda aka bi da shi ta Turanci. Wasu tsofaffin littattafai za su ce maka a haramta harshen gida a aji ɗungurungum. Ra'ayin masana da yawa ya sauya a kan haka, kuma a ajin da ke da awa 40 a shekara haramcin asarar lokaci ne. Gaisuwa, umarni da yabo su kasance da harshen da ake koyo tun ranar farko; Hausa ta shigo don gajeren bayani ta fita.

Mataki na 5: yadda ake koyon harshe

Zango na biyu, bayan ka san ajinka, shi ne lokacin karanta bincike. *How Languages Are Learned* na Patsy Lightbown da Nina Spada, wanda ya fara fitowa a 1993, don malamai aka rubuta shi, kuma ya wadatar. A ciki za ka haɗu da Stephen Krashen, wanda ya ce ana samun harshe ne ta hanyar fahimtar abin da aka ji ko aka karanta, matuƙar ya ɗan ɗara matakin mai koyo kaɗan. Za ka haɗu da Merrill Swain, wadda a 1985 ta nuna cewa yaran Kanada da aka koyar da su darussa da Faransanci tsawon shekaru suna fahimta sosai, amma nahawunsu a magana da rubutu bai kai ba, don haka dole a riƙa tura mai koyo ya yi magana da kansa. Kada ka ɗauki ɓangare. Ajinka yana bukatar duka biyun.

Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington shi ne ya fi kowa mayar da bincike abin da malami zai yi aiki da shi, kuma rubuce-rubucensa da dama suna shafin jami'ar kyauta. Shawararsa ita ce a raba lokacin koyo gida huɗu daidai: sauraro da karatu don ma'ana, magana da rubutu don isar da saƙo, nazarin harshen kansa, da saba baki da abin da aka riga aka sani har ya riƙa fita da sauri. Ɗauko shirin darasinka na makonni biyu da suka wuce, ka rubuta mintocin da kowane gida ya samu. Kada ka yi mamaki in nahawu da kwafar allo sun cinye kusan duka. Gida na huɗu shi aka fi mantawa, kuma ga hanya mai sauƙi: ɗalibi ya ba abokinsa labarin gidansu cikin sakan 60, ya juya ya ba wani cikin 45, ya ba na uku cikin 30. Ba sabuwar kalma, ba gyara.

Daga binciken Nation da Marcella Hu na 2000 za ka ɗauki ma'auni: don mutum ya karanta rubutu shi kaɗai ya fahimta, yana bukatar ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin, wato baƙuwa ɗaya a cikin 50. Ƙirga kalmomi 100 na nassin da za ka bayar gobe. Idan baƙin sun kai 15, ba darasin karatu ba ne, fassara za ka ƙare da yi. Sake rubuta shi da sauƙi, ko ka koyar da kalmomin tukuna.

A kan gyaran kuskure, karanta abin da Roy Lyster da Leila Ranta suka gano a 1997 a azuzuwan Faransanci na yankin Montreal. Fiye da rabin gyaran da malamai ke yi shi ne maimaita jimlar yaro daidai ba tare da nuna masa ya yi kuskure ba, kuma wannan ita ce hanyar da yara suka fi ƙin gyara maganarsu bayanta. Yaro ya ce *sa livre*, malam ya ce *oui, son livre*, yaron ya ji *oui* ya zauna. Gwada tsayawa kafin wurin kuskuren, ka ɗaga gira, ka bar shi ya ƙarasa da kansa. Haɗa wannan da binciken Mary Budd Rowe na shekarun 1970, wadda ta gano malamai kan jira kusan sakan 1 ne kawai bayan tambaya, kuma idan jiran ya kai sakan 3 amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Ƙirga har biyar a zuci kafin ka kira suna. Wanda ke harhaɗa jimla a harshe na uku ya fi kowa bukatar wannan jira.

Wasu littattafan suna raina hadda. Kada ka bi su ido rufe. Yaranmu sun zo daga makarantar allo da Islamiyya da ƙwaƙwalwar da ta saba riƙewa, kuma bincike ya goyi bayan koyon kalmomi da gangan, muddin ana tuno su ne daga ka, ana kuma raba bitar a kan lokaci. Kalma 8 zuwa 10 a darasi, a tambaye su a darasi na gaba, a sake bayan mako, a sake bayan wata. Haddar da ba ta da amfani ita ce wadda ta tsaya a rera jadawali, ba a taɓa sa kalmar cikin maganar da yaro ke nufi ba.

Mataki na 6: babban aji

Yawancin littattafan da aka ambata suna ɗaukar cewa ɗalibai 15 ne a gabanka, kowa da littafinsa. Ka nemi abin da aka rubuta don irin ajinka. Tun 1960 Michael West, wanda ya yi aiki a Bengal, ya rubuta littafi a kan koyarwa cikin mawuyacin hali: aji mai cunkoso a kan benci, zafi, ƙarancin kayan aiki. British Council ta wallafa littattafai kyauta a kan manyan azuzuwa da makarantu marasa kayan aiki, cike da bayanan malaman Afirka da Asiya.

Duk dabarar da ka karanta, yi mata tambaya uku kafin ka ɗauka: za ta yiwu ba tare da an motsa benci ba? Za ta yiwu da allo da alli kaɗai? In ana yin ta, me 'yan layin baya ke yi? Aikin mutum biyu-biyu da na kusa da kai yana tsallake duka ukun. Inda yake lalacewa shi ne idan ba a nuna misali a gaban aji da ɗalibi ɗaya ba, ko ba a sa wa'adi ba, ko ba a yi yarjejeniyar alamar tsayawa ba. Minti 2 ya isa karon farko. Sanar da malamin ajin da ke maƙwabtaka da shugaban makaranta tun da wuri cewa surutun da za su ji na darasi ne.

Mataki na 7: harshenka kai kanka

Shekara ɗaya ta koyar da gaisuwa da sunayen launuka tana dakushe harshen malami. Wanda ya yi zaman Ƙauyen Faransanci na Badagry ko Ƙauyen Larabci na Ngala ya san yadda baki ke sakewa idan ana magana kullum, da yadda yake ɗaurewa bayan an dawo gida. Ware minti 10 daga cikin 30 ɗinka don wannan. Gidan rediyon RFI yana da labarai cikin sauƙaƙan Faransanci na minti 10 tare da rubutaccen nassinsu: saurara ba ka duba ba, sake saurara kana bi da ido, sannan ka karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi. Tashar talabijin ta TV5Monde tana da darussa shiryayyu bisa matakai, mujallar *Le français dans le monde* kuma tun 1961 take fitowa don malamai. Malamin Larabci ya haɗa da labaran yau da kullum da gajerun labarai na zamani, domin kalmomin asibiti, tasha da waya ba sa cikin littattafan da ya sauke a zaure. Kuma muna bakin iyaka: ta Jibiya ko ta Kwangwalam, masu jin Faransanci ba su da nisa, wasu ma suna cikin unguwarku.

Mataki na 8: zango na uku

Nemi mutum biyu ko uku, ko da ba harshe ɗaya kuke koyarwa ba. Malamin Turanci da na Hausa sun isa. Ku haɗu sau ɗaya a mako biyu, minti 45, babi ɗaya. Kowa ya zo da abu ɗaya da ya gwada da abin da ya biyo baya. In babu wannan sharaɗi, zaman zai koma maganar albashi da ƙarin girma. Ku riƙa shiga ajin juna da aiki ɗaya tak, misali ƙirga mintocin da malam ya yi yana magana, ko yin alama a taswirar aji duk inda aka kira suna.

Karatun wannan zango biyu ne. Na farko babin jarrabawa a littafinka na dabaru, kafin ka tsara ta ƙarshen shekara, domin wanda ya koyar da magana ya kuma jarraba cike gurbi kaɗai ya sanar da yara cewa maganar ba ta da maki. Ware ko da maki 10 na gwajin baki, ɗalibai biyu-biyu, minti ɗaya kowane rukuni, a raba shi a kan darussa uku ko huɗu. Na biyu shi ne ɗan littafin Richard Smith da Paula Rebolledo na 2018 a kan binciken da malami ke yi a ajinsa, wanda British Council ta sa kyauta. Buɗe littafin rubutunka daga shafin farko, ka nemi matsalar da ta fi maimaituwa. Tambayi ɗalibai a kanta da Hausa, a rubuce, ba suna. Sauya abu ɗaya na makonni 4, ka sake tambaya. Ajiye takardun, za su yi maka amfani a duk lokacin da aka nemi shaidar ci gaban aiki, a makaranta ko wajen hukumar rajistar malamai ta TRCN.

Manyan littattafan da aka jinkirta, na Cuq da Gruca, na Tu'aima, na Richards da Rodgers, su ne na dogon hutu. Zaɓi ɗaya, babi biyu a mako, littafin rubutunka a buɗe a gefe, kana sa lambar shafi a gaban kowace matsalar da babin ya taɓa.